KABARIN BAKIN TEKU

Shafi na 11

Masu cewa in ƙyale tsohon nan ya huta, ku yi haƙuri, ba ni na ɗora masa kayan ba. Masu cewa in tona shi tun shafi na bakwai, ku ma ku gyara zama.

* * *

Saura kwana huɗu a kama hanyar Kalaba, Malam Nababa ya daina cin tuwo ya ƙoshi.

Da hantsi ya tura kekensa zuwa rumfar Ɗan Iya tela, a bakin hanyar da ke shiga Makoda, wai zai gwada rigar tafiya. Rigar dai dalili ce kawai. Tun jiya da ya buɗe baki ya faɗa wa abokin nasa abin da ya haɗiye shekara talatin da takwas, zama ya gagare shi a gida.

Ɗan Iya na hango shi ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Na-Kalaba! Sarkin teku!"

"Ɗan Iya, don Allah ka bari."

"In bari yaya? Shekara nawa ina kiran ka da shi kana amsawa har da gyara zaman hula? Yau ɗaya bakina ba zai koyi wani suna ba."

A ƙauyensu haka ake yi. Wanda ya tafi cin rani ya yi nisa, sunan garin da ya kai ne zai manne masa har ya mutu. Akwai Ɗan Ikko, akwai Na-Shagamu mai gyaran rediyo. Nababa shi ne Na-Kalaba. Yaran da suka tashi ba su ma san yana da wani suna ba. In gardamar teku ta kaure a majalisa, ko gishirinta, ko girman kifinta, wajensa ake zuwa a raba.

Shi kuwa bai taɓa taka Kalaba ba.

"Zo ka saka mu gani," in ji Ɗan Iya. Ya zura masa rigar, ya ja baya yana karkata kai. "Ɗaga hannu. Kai! Ranar kasuwa na auna ka, yau rigar na neman wani ya shigo ku zama biyu."

"Ka rage ta."

"Zan rage. Amma zauna tukuna. Na juya maganarka ta jiya, na kuma samo maka mafita."

Nababa ya zauna a kan benci, da rigar a jikinsa, zare na reto a wuyanta.

"Ka ce matarka Aina'u ba ganin jika kaɗai ke kai ta ba. Kabarin yayanta take so ka nuna mata."

"Shi ne."

"Kabarin da ka ce kai ka haƙa, ka sa abokinka Iliyasu da hannunka, a gindin kwakwa, ana jin ƙarar ruwa."

"Na san abin da na ce, Ɗan Iya."

"To amsa mini. Mata suna shiga maƙabarta?"

Nababa ya ɗago.

"Ba sa shiga."

"Madalla! Kamilu mijin 'yarka zai kai ku maƙabartar Musulmi. Ita ta tsaya a waje, kamar yadda kowace mace ke tsayawa. Kai ka shiga, kana tafiya kana waige-waige kamar mai tuna hanya. Ka sami wani tsohon kabari da ya lotsa, ka tsaya a kansa, ka yi addu'a. Ka ambaci Iliyasu. Allah ya san inda Iliyasu yake, ba sai ka nuna masa ba. Shi ma mai kabarin, bawan Allah da ƙila ba wanda ya ziyarce shi tun da aka rufe shi, ya sami rabonsa. Ku dawo gida. Wa aka cuta?"

"Kwakwar fa?"

"Shekara talatin da takwas? Ka ce an sare!"

Nababa bai yi dariya ba. Ya zuba wa ƙasa ido. Wa aka cuta? Ita ce tambayar da yake yi wa kansa tun yana da baƙin gemu, a gona, a sahun salla, a kan keke. Bai taɓa samun sunan da zai ba da amsa da shi ba. Bai kuma taɓa samun sukuni ba.

Ɗan Iya ya matso, ya rage murya. Wasan ya fita daga fuskarsa.

"Ka saurare ni. Matar nan tana shan maganin hawan jini. Gaskiyar da kake son faɗa, don wa za ka faɗe ta? Don ita, ko don kai ka sauke kaya ka sami barci? Ka ɗauke dutse daga ƙirjinka ka ɗora a nata, ka kira shi tuba?"

"Ban sani ba."

"To in ba ka sani ba, ka yi shiru. Cire rigar."

* * *

Tun daga zaure ƙamshin man gyaɗa ya tare shi.

Tsakar gidan ya koma kamar kasuwa. Ga ƙullin kuka, ga daddawa a tsohon gwangwani, ga busasshiyar kuɓewa, ga yajin jego da aka daka wa Zakiyya, autarsu, wadda ta haihu a Kalaba wata biyu da suka wuce. Aina'u na zaune a kujera 'yar tsugunno gaban murhu, tana tsamo ƙuli-ƙuli daga kasko, gumi na bin gefen kallabinta.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina rigar?"

"Zai rage mata."

"Ba rigar ce ta yi yawa ba, kai ne ka ƙi abinci. Ni da ban taɓa wuce Kano ba ina ci ina sha, kai da ka san hanya kamar tafin hannunka kai ne ke ramewa. Ko wata ka bari a can kake tsoron mu haɗu?"

"Aina'u kenan."

"Ka faɗa tun yanzu in ƙara ƙuli-ƙulin."

Ya jawo tabarma ya zauna a inuwar rumbu. Ta nuna masa wasu gorunan roba guda uku da aka jera a jikin bango.

"Sallahu ne. Halimatu maƙwabciyarmu ta ce a ɗebo mata ruwan teku, wai yana maganin ƙaiƙayi. Da matar liman ta ji, ita ma ta aiko da tata. Ta ukun ban ma san ta wace ce ba, na fito na tarar da ita. Na ce musu ai Malam ya san inda ake ɗiba mai kyau."

"Uhm."

"Kamilu ya kira kana fita. Ya ce mu kwana Kano, a Bacirawa gidan ƙanwarsa, da safe a kai mu tashar manyan motoci. Ya ce kada mu sa kaya masu nauyi, garin akwai gumi. Na ce masa wa kake gaya wa? Surukinka ya sha gumin garin nan tun ba a haifi babarka ba."

"Ba ki ce haka ba."

"Na ce tun ba a haife ka ba. Babar tasa yanzu na ƙara."

Ta goge hannu a zani, ta zaro wayar daga ƙarƙashin faifai. Tun da Zakiyya ta turo hoton nan mai motsi, Aina'u ta kalle shi ya fi sau hamsin. Ta matso kusa da shi har kafaɗarta na taɓa tasa, ta danna.

Ruwa ne shimfiɗe, faɗinsa ya cika fuskar wayar. Can ƙetare daji ne kore shar, kamar an zuba shi da hannu. Wani jirgi na tafiya a hankali. Bishiyoyi dogaye na kaɗawa. Ana jin muryar Zakiyya tana dariya, iska na yanke mata magana: "Inna, kin gani? Kin gani? Nan za mu kawo ki!"

"Dubi yadda komai yake kore," in ji Aina'u. "Kamar damina ba ta taɓa tafiya ba. Yadda ka faɗa. Ka ce ruwan samansu ba ya sallama, Zakiyya ta ce wallahi haka ne. Ka ce titunansu hawa da gangara ne, ta ce haka ne. Malam, nan ne kuke zama da Yaya in kun tashi aiki?"

Ya kalli ruwan. Ko a cikin waya sai da ya kawar da kai.

"Wurin ya canza," ya ce.

"Dole. Mu ma mun canza."

Duk abin da ya sani game da garin nan, a bakin direbobi ya tsince shi. Ya tara shi ɗaya bayan ɗaya, ya goge shi, ya yi ta ba da shi har ya zama nasa. Wani lokaci har mafarkin garin yake yi. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan: ƙaryar ta fito daidai.

Aina'u ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar murfin akwatin ƙarfe. Ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma, ta zauna gabansa, ta kwance.

Carbin mahaifiyarta ne, na itace, ya yi baƙi don shafa.

"Ka gane shi?"

"Na Inna Huseina ne."

"Akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ban dai ga ranar amfaninta ba, don ban taɓa zaton ƙafata za ta kai can ba." Ta ja carbin a tsakanin yatsunta. "Ranar da Inna za ta cika, bayan ka fita kiran liman, ta kama hannuna. Ta ce, in Allah ya kai ɗayanku inda Iliya yake kwance, ku ce masa na yafe masa tafiyar. Ka san ba da son ranta ya tafi ba. Sau uku tana hana shi. Ta ce ku ce masa ban yi fushi ba, ko na kwana ɗaya."

Ta ƙara jan carbin, ta ci gaba.

"Sannan ta ce, Nababa ya riƙe mini amana. Na ce kada su rabu, bai rabu da shi ba har rami. Ki riƙe shi da kyau."

Ta yi ɗan murmushi, idonta ya kawo ruwa.

"To ka ga na riƙe ka. Ko da yake dama ina da niyya."

"Aina'u..."

"Tsaya in gama. Ga yadda na tsara. Ni ba zan shiga ba, ka sani. Zan tsaya a bakin katanga. Kai ka shiga. In ka isa kansa, sai ka ɗaga mini hannu sama, yadda zan hango. Ni kuma in fuskanci wajen, in faɗi saƙon Inna da bakina. Ba sai na ɗaga murya ba. Zai ji."

Nababa ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a baya.

Abin da Ɗan Iya ya tsara ne, tsaf, ba ragi. Ga shi ita da kanta ta miƙo masa. Ba a ce ya yi rantsuwa ba. Ba a ce ya ƙirƙiro sabuwar magana ba. Hannu kawai zai ɗaga.

"To," ya ce.

"Za ka gane wurin?"

"To... in sha Allahu."

"Alhamdu lillahi."

Ta ƙulle carbin, ta soke shi a cikin kayan tafiya, ta koma gaban murhu tana 'yar waƙarta ta daka a ƙasan maƙogwaro. Shi ke nan. An wuce wurin. Ya zauna yana jin bugun zuciyarsa yana sauka. Wa aka cuta?

Can sai ga ta da ɗan kwano.

"Ungo. Na farkon kasko ne, na cire maka tun bai yi tauri ba. Da sauran haƙoran nan naka huɗu ba za ka iya da na Zakiyya ba."

Ya karɓa. Ƙuli-ƙulin na da ɗumi, da laushi, an ɗan barbaɗa masa gishiri yadda yake so. Haka take yi masa duk kaka tun da haƙorinsa na farko ya fita. Bai taɓa roƙa ba.

Ya dube ta tana komawa, tana ɗan ɗingisa ƙafar da ke mata ciwo. Sai ya hango ta a can, a bakin katangar da bai taɓa gani ba, cikin sabon mayafi, tana miƙa wuya tana neman hannunsa. Ya hango ta ta fuskanci kabarin wani baƙo, tana ba shi saƙon da uwa ta bari a bakin mutuwa.

A karo na farko cikin shekara talatin da takwas, tambayar ta sami suna.

"Aina'u."

"Na'am."

"Sauke kaskon."

"Saura kaɗan, Malam, man zai..."

"Sauke shi."

Ta waigo. Abin da ta gani a fuskarsa ya sa ta kama kaskon da tsumma ta ajiye a ƙasa. Ta zo ta durƙusa a bakin tabarma.

"Jikin ne?"

"Ba zan iya ɗaga miki hannu ba."

"Kafaɗar ce ta tashi? Ai sai ka ɗaga hula."

"Ban san inda kabarin yake ba."

"Haba, shi ne ka tsorata ni? In ka manta ai sai a tambayi masu gadin wurin. Shekarun da yawa."

"Ban manta ba. Ban taɓa sani ba." Ya ajiye kwanon. "Aina'u, ban taɓa zuwa Kalaba ba."

Ta yi dariya. Gajeriya. Ta tsaya tana jiran ya taya ta.

Bai taya ta ba.

"Ban gane ba."

"A Makurɗi na tsaya."

"Makurɗi."

"Mun hau motar shanu, ni da Iliyasu, a sama kan katako. Da muka iso gadar Makurɗi gari ya waye. Na leƙa ƙasa. Aina'u, ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tomas ba. Na ga ruwa ta dama, ruwa ta hagu, motar na rawa, gadar ba ta ƙarewa. Na ƙanƙame katako na yi ta salati da ƙarfi har yaran mota na dariya. Da muka sauka shan shayi, Iliyasu ya dafa ni ya ce, wannan ai wasan yara ne, inda za mu ruwan ba shi da ƙetare, kuma a kansa ake aikin."

Kaza ta zo ta tsaya kusa da kaskon, ba wanda ya kore ta.

"Ƙafata ta ƙi hawa motar. Wallahi na gwada. Na ce masa ya je, in na huta kwana biyu zan biyo shi. Ya ce Inna ta ce kada mu rabu. Na ce kwana biyu ne. Direba na ta danna oda. Ya hau. Yana ɗaga mini hannu har suka sha kwana."

"Ba ka bi shi ba."

"Wata huɗu ina ga-ruwa a Makurɗi. Kullum ina cewa gobe."

Aina'u ta zauna sosai a ƙasa, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Muryarta ta fito a hankali, kamar mai magana da kanta.

"Shi ya sa. Ranar bikin dam ɗin Bagwai, da kowa ya shiga kwalekwale, kai ka tsaya a gaɓa. Ka ce mana wai ruwan ya yi maka kaɗan."

"Shi ya sa."

"Ni kuwa har ina yi wa mata alfahari."

Ta sa bayan hannu ta share ido. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Jakarsa fa? Ka dawo da jakarsa. Da rigarsa mai aska biyu. Ni na wanke ta."

"Direban da ya kai shi ne ya kawo mini. Ya neme ni a tasha. Ya ce kwalekwalen 'yan ɗibar yashi ya kife da mutane, ɗan'uwanka na ciki. Mai masaukinsu ya jira mako uku bai dawo ba, ya ce a kai kayansa gida."

"Sai ka zo ka ce..."

"Ban zo da niyyar cewa komai ba. Allah ne shaidata. Tun daga Makurɗi nake haɗa yadda zan faɗi gaskiya. Na shigo gidanku, Inna na tankaɗe. Ta ga jakar a hannuna, ta ga ni kaɗai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, Nababa, kana kusa da shi?"

Muryarsa ta karye.

"Da kin ga idonta. Na ce, ina kusa. Kalma biyu. Sai ta ce, ya sami kalmar shahada? Na ce ya samu. Wa ya yi masa wanka? Na ce ni. Kowace tambaya na amsa sai in ga numfashinta ya ƙara sauka. Da ta ce a ina aka sa shi, na ce a gindin kwakwa, don na ji direbobi na cewa akwai kwakwa. Ta ce, Alhamdu lillahi, ɗana bai mutu a wulaƙance ba. A daren ta ci abinci."

"Ta ci," in ji Aina'u. "Ni na zuba mata."

"Daga nan ban san ta inda zan koma baya ba. Aka sa mini suna. Aka ba ni ke. Kullum ina cewa in Inna ta rasu zan faɗa. Da ta rasu na ce in yara sun girma."

Man da ke kasko ya daina ƙara. Daga gidan maƙwabta ana jin luguden taɓarya.

Nababa ya jira. Ya shirya wa kuka. Ya shirya wa Allah ya isa. Ya shirya ta ce ya fita mata daga gani.

Amma Aina'u ba shi take kallo ba. Tiren ƙuli-ƙuli take kallo, goshinta a tattare, kamar mai warware zaren da ya sarƙe.

"Malam."

"Na'am."

"Direban nan. Ya ga gawa?"

"Ya ce kwalekwale ya..."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya ga gawar Yaya?"

"Bai ce ya gani ba."

"Mai masaukin fa?"

"Cewa ya yi bai dawo ba."

"Bai dawo ba." Ta juyo ta dube shi. "To wa ya gani?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ina bayan ƙyaure ranar," ta ce. "Ina jin komai. Liman na wancan lokacin ya zaunar da kai a zaure gaban dattawa. Ya ce ba a yi wa mutum zaman makoki da ji-ta-ji-ta, wanda ya ɓata daban, wanda ya mutu daban. Ya ce, ka gani da idonka? Me ka ce?"

"Na ce na gani."

"A kan maganarka aka yi sadakar uku. Aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. A kan maganarka Kawu ya fasa tafiya neman sa, har ya ɗaure kaya. A kan maganarka gonar Yaya ta faɗo hannun Inna, daga Inna ta faɗo nawa." Ta nuna tiren da yatsa. "Gyaɗar nan daga gonarsa ta fito."

"Aina'u, kwalekwale ya kife. Shekara talatin da takwas. Da yana raye ai da ya..."

"Da ya dawo? Kai da kake da lafiya, da hankalinka, kunya kaɗai ta riƙe bakinka shekara talatin da takwas a cikin gidanka. Ka san abin da zai iya riƙe wani a bakin duniya?"

Innalillahi. Duk juyin da ya yi wa abin nan, ta gaba da ta baya, bai taɓa juya shi ta nan ba. Ya yi ta tambayar kansa ko ya cuci Inna, ko ya cuci Aina'u. Bai taɓa tambaya ko ya binne mai rai ba.

"Ƙila ya mutu," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Zuciyata ma ta fi ba ni ya mutu. Amma ba wanda ya nema, Malam. Ba wanda ya je ya tambaya ko sau ɗaya. Saboda kai ka ce ka rufe shi da hannunka."

Ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji. Hawaye ya ɗiga a kan tabarma.

"In kin ce a fasa tafiyar, zan kira Kamilu in ce ni ne ba ni da lafiya."

"Wata ƙaryar kuma?"



Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta kori kazar. Ta mayar da kaskon kan murhu, ta tura itace, ta tsaya tana kallon wutar har ta kama. Sannan ta ɗauko wayar, ta dawo, ta zauna a kan tabarmar, kusa da shi, inda ta zauna ɗazu.

"Ba a fasa ba. Da kabari za mu je gani. Yanzu tambaya za mu je yi. Zakiyya ta ce akwai unguwar Hausawa, Bogobiri, akwai tsofaffin da suka fi shekara hamsin a can. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Saƙon Inna ba zan ba wa kowa shi ba sai mai shi, a ƙasa yake ko a sama."

"To."

"Kuma Malam."

"Na'am."

"Motar nan ta gadar Makurɗi za ta bi?"

"Ta nan za ta bi."

"In mun iso, ka rufe idonka. Ni zan riƙe maka hannu har mu ƙetare."

Ya ɗago ya dube ta. Ta kawar da fuska.

"Kada ka dube ni haka. Ban ce na yafe ba. Ba ni kaɗai ke da hakkin ba, kuma nawa ma ban gama auna shi ba tukuna."

Ta danna lambar da kanta, ta sa a amsa-kuwwa, ta ajiye wayar a tafin hannunsa. Ta fara ƙara. Sau ɗaya. Sau biyu.

"Me zan ce mata?"

Kafin Aina'u ta amsa aka ɗauka. Kukan jariri, ƙarar ruwan sama a kan kwano, sannan muryar Zakiyya, cike da murna.

"Baba Na-Kalaba! Yanzu nake ba maƙwabtana labarinka, na ce babana ya fi su sanin garin nan! Har wani tsoho a masallacin su Kamilu ya ce yana son ya gan ka, wai shi ma ya yi aikin yashi a shekarun. Baba? Baba, kana ji na?"

Aina'u ta damƙe masa hannu.

"Faɗa mata," ta ce. "Daga gadar."